Gahawar bakin titi: Yadda ƙananan shagunan Addis Ababa suka riƙe ɗanɗano da kuɗi a gida

Duk matafiyin da ya taso daga Yamai ya yada zango a Addis Ababa, a kan hanyarsa ta zuwa Dubai ko Jidda ko Chaina, idan ya samu damar fita daga filin jirgin sama na Bole ya taka cikin gari da safe, hancinsa ne zai fara ba shi labarin birnin kafin idonsa. Ƙanshin suyar gahawa ne gauraye da hayaƙin turaren wuta, yana tasowa daga ƙofar shaguna, daga ƙarƙashin dogayen benaye, daga gefen tashoshin mota.

Idan ya bi ƙanshin, abin da zai tarar ba ya wuce mace ɗaya zaune kan 'yar kujera, gabanta murhun gawayi, da kasko, da baƙar butar yumɓu mai dogon wuya, da ƙananan finjalai jere a kan wani ɗan teburi. Kewaye da ita akwai ma'aikacin banki da kwat ɗinsa, da direban tasi, da ɗalibai, da lebura, kowa a kan kujerar roba yana jiran a zuba masa. Mutanen birnin na kiran irin wannan wuri "nu buna tetu", wato "ku zo ku sha gahawa" da harshen Amharik.

Ga matashin Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, gahawa, ko kafe kamar yadda aka fi faɗa a nan, wani baƙin gari ne da mai shayi ke ɗebowa da cokali daga gwangwani ko ya yage daga 'yar leda, ya kaɗa shi da ruwan zafi da madara da sukari. Ana shan sa ne don a kori barci. Wanda yake son "mai kyau" kuwa, a tunanin mutane da dama, sai ya nufi babban otel ko wani kanti mai na'urar sanyaya ɗaki a Yamai ya biya kuɗin da zai ci abincin yini guda. Ƙananan shagunan Habasha sun ƙaryata wannan tunani. A can, gahawar da ta fi daɗi tana hannun talaka ne, a bakin titi, kuma kuɗinta na zagayawa a cikin unguwa.

Daga ɗanyar ƙwaya zuwa finjali

Aikin yana farawa ne da ɗanyar ƙwaya, mai launin kore-kore, wadda ba ta da wani ƙanshin kirki. Mai gahawar za ta baza ta a faranti ta tsince masu ƙwari da waɗanda suka yi baƙi da tsakuwa, kamar yadda ake tsintar wake. Sai ta wanke, ta zuba a kasko a kan garwashi, ta riƙa juyawa babu ƙaƙƙautawa. Cikin 'yan mintoci ƙwayar za ta koma ruwan ƙasa, ta fara ƙara tana tsagewa, mai ya fito mata ta riƙa sheƙi. A nan gwaninta take: idan aka sauke da wuri, gahawar za ta yi tsami da gafi, idan aka bari ta wuce, sai ɗacin ƙuna ya danne komai.

Da an sauke, sai ta ɗauki kaskon yana hayaƙi ta zagaya da shi gaban baƙi. Kowa zai sa hannu ya jawo hayaƙin zuwa fuskarsa. Girmamawa ce, kuma shaida ce: mai saye ya ga abin da za a ba shi, ya kuma ji ƙanshinsa kafin a daka.

Bayan ta ɗan huce, sai a daka ta a ƙaramin turmi, ko a niƙa da 'yar na'ura a wuraren da ke da ciniki da yawa. Garin zai shiga butar yumɓun nan da ake kira jabana, a tafasa, a sauke a jingine ta a ɗan karkace har garin ya kwanta a ƙasa. Sannan a ɗaga butar sama a zuba a finjalai a jere, ba tare da an katse zubin ba. Finjalan ƙanana ne, ba su da mariƙi, ba su wuce kurɓa uku zuwa huɗu ba. Akan ajiye gugguru ko soyayyen sha'ir a gefe, wani lokaci kuma a tsoma ɗan reshen wani ganye mai ƙanshi da suke kira tena adam. A wasu yankunan karkara gishiri ake sawa maimakon sukari, wasu ma man shanu.

Abin lura shi ne, daga suya zuwa kurɓar farko sau da yawa ba a cika sa'a guda ba. Wannan tazarar ita ce sirrin da ya fi kowane muhimmanci, za kuma a dawo kanta.

Zagaye uku, kamar a fada

A gida, idan aka zauna shan gahawa a cikakkiyar al'ada, ana yin zagaye uku ne daga gari ɗaya, ana ƙara ruwa ana sake tafasawa. Na farko, abol, shi ne mai ƙarfi. Na biyu, tona, ya ɗan sassauta. Na uku sunansa baraka, kalmar da Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa. Tashi kafin na uku rashin ladabi ne ga masu gida. Zaman kan ɗauki sa'a biyu ko fiye, a nan maƙwabta ke jin labarin juna, a sasanta saɓani, a tattauna maganar aure ko bashi.

Duk wanda ya taɓa zama a fada a Damagaram ko Agadas ya san wannan tsari, sai dai da butar shayi: na farko mai ɗaci, na biyu matsakaici, na uku mai zaƙi, a kan ɗan murhun waya da gawayi, ana hira ba a gaggawa. Bambancin kawai, ganyen shayin da 'yan fada ke dafawa daga Chaina ake kawo shi, alhali ƙwayar da Bahabashiya ke soyawa a ƙasarta aka noma ta, wataƙila ma a ƙauyen iyayenta.

Shagunan bakin titi sun gajarta wannan zama ne domin mutumin birni da ba shi da sa'a biyu. Yana samun ɗanɗanon gida da ƙanshin lubban da 'yar hira a cikin minti goma, ya koma bakin aiki. A yawancin wuraren ma har ɗanyar ciyawa ake bazawa a ƙasa, kamar yadda ake yi a ɗakin uwa ranar biki.

Asalin abin

Ba abin mamaki ba ne a ce Habasha ta yi fice a wannan fage. Itacen gahawa nau'in arabika, wanda shi ne mafi daraja a kasuwar duniya, asalinsa dazuzzukan tsaunukan kudu maso yammacin ƙasar ne, yankin Kafa da Jimma, inda har yau yake fitowa da kansa a ƙarƙashin manyan itatuwa. Akwai tatsuniyar wani makiyayi mai suna Kaldi da aka ce ya ga awakinsa na tsalle-tsalle bayan sun ci jajayen 'ya'yan itacen, amma tatsuniya ce.

Abin da tarihi ya tabbatar shi ne, a ƙarni na 15 Sufaye a Yaman suna shan gahawa domin su iya raya dare da zikiri. Daga tashar ruwan Moka ta bazu zuwa Makka da Alƙahira. A 1511 gwamnan Makka, Khair Beg, ya haramta ta saboda tsoron irin maganganun da ake yi a wuraren shanta, amma haramcin bai yi tsawon rai ba. Zuwa tsakiyar ƙarni na 16 gidajen gahawa sun buɗe a Istanbul, daga nan Turai ta ɗauka. Kalmar "gahawa" da Hausawa ke amfani da ita daga Larabci ta zo, haka ma "finjali", alamar cewa ta hanyar alhazai da fatake muka fara sanin abin, tun kafin gwangwani ya iso.

Injin Italiya a gefen butar yumɓu

Addis Ababa tana da ƙafa biyu a harkar gahawa. Bayan jabana, akwai ƙananan shaguna masu injin matsar gahawa irin na Italiya, gadon shekaru biyar da Italiya ta mamaye ƙasar daga 1936 zuwa 1941. Sojojin sun tafi, injin ya zauna. Abin da aka fi sha a waɗannan shaguna shi ne makiyato, gahawa mai kauri da aka ɗiga wa madara mai kumfa, a ɗan ƙaramin kofin gilashi.

Mafi shahara a cikinsu shi ne Tomoca, wanda aka kafa a 1953 a tsohuwar unguwar Piyasa. Ya yi suna ne da ɗan ɗaki mai dogayen tebura inda ake sha a tsaye, mutum ya kurɓe ya ba wani wuri. Babu kujerun alfarma, babu kiɗa. Abin da ya riƙe masu ciniki fiye da shekara 70 shi ne kamfanin da kansa yake soya ƙwayarsa, kuma ba ta daɗewa a ajiye saboda yawan masu sha.

Wato ko da buta ko da inji, ƙa'idar ɗaya ce.

Mafi kyawun ƙwaya na fita waje, amma…

Akwai wani abu da baƙi da yawa ba su sani ba. Dokar Habasha ta hana sayar da gahawa mai darajar fitarwa a kasuwar cikin gida, domin ƙasar na matuƙar buƙatar kuɗin waje. Ƙwayoyin Yirgachefe da Sidama da Guji da Harar da suka samu babban maki wajen masu ɗanɗanawa, jirgi suke hawa zuwa Jamus da Saudiyya da Japan da Amurka. Abin da ke isa sashen masu gahawa na babbar kasuwar Merkato, inda matan bakin titi ke sari, galibi wanda bai cika sharaɗin fitarwa ba ne.

To me ya sa duk da haka finjalin bakin titi ke burge wanda ya saba da manyan kantunan Turai? Amsar tana cikin waccan tazara ta suya zuwa sha. Ƙanshin gahawa ya ƙunshi ɗaruruwan sinadarai masu saurin tashi, waɗanda zafin suya ke samarwa. Ɗanyar ƙwaya na iya yin watanni a ajiye ba ta lalace ba idan wurin a bushe yake. Da an soya ta, kwanakinta sun fara ƙirguwa, makonni kaɗan ne take kan ganiyarta. Da an niƙa kuwa, iska na shiga ta ko'ina, ƙanshin ya fara gudu cikin mintoci. Matsakaiciyar ƙwaya da aka tsince da kyau, aka soya yanzu, aka daka yanzu, takan doke babbar ƙwaya da aka niƙa wata shida da suka wuce.

Garin gwangwani kuma wata hanya ce daban. A masana'anta ake dafa gahawar da yawa, sannan a busar da ruwan ya koma gari mai narkewa. Kamfanin Nestlé ya fito da Nescafé a 1938, kuma yana da masana'anta a Abijan da ke wadata ƙasashen yankinmu. Amfaninsa a fili yake: ba ya lalacewa da wuri, ba ya buƙatar kasko ko turmi, ga sauri. Sai dai galibin irin wannan gari daga nau'in robusta ake yin sa, wanda ya fi arabika ɗaci, sinadarin kafeyin ɗinsa kuma ya kusa ninka na arabika, sannan wani ɓangare na ƙanshin yana tafiya wajen busarwa. Shi ya sa yake neman madara da sukari mai yawa kafin ya shiga baki.

Inda kuɗin ke zuwa

Habasha ce ta ɗaya a Afirka wajen noman gahawa, tana kuma cikin manyan ƙasashe biyar na duniya. Kimanin mutum miliyan 15 ne rayuwarsu ta dogara da ita, mafi yawansu ƙananan manoma masu gonar da ba ta kai eka uku ba. A shekarar kuɗi ta 2024/2025 ƙasar ta samu sama da dalar Amurka biliyan 2 da rabi daga fitar da ita, abin da ba ta taɓa samu ba. A 2022, a gwanjon gasar gahawa mafi inganci ta ƙasar, an sayi wadda ta zo ta ɗaya a kan sama da dalar Amurka 400 kowace laba, wato ƙasa da rabin kilo. Tun kafin nan, a 2007, gwamnatin ƙasar ta cimma yarjejeniya da kamfanin Starbucks na Amurka bayan doguwar taƙaddama kan wanda ke da haƙƙin sunayen Sidamo da Harar da Yirgachefe.

Amma adadin da ya fi bambanta Habasha da sauran masu noma shi ne wannan: kusan rabin abin da take nomawa, 'yan ƙasar ne ke shanye shi. Yawancin ƙasashen Afirka masu gahawa suna fitar da kusan duka a ɗanye, sannan su sayo kaɗan da aka sarrafa da tsada. A Habasha manomi yana da kasuwa biyu. Akwai lokutan da farashin cikin gida ke zarce na waje, har hukuma ta riƙa farautar masu karkatar da buhunan fitarwa zuwa kasuwannin gari.

A ƙarshen wannan sarƙa matan jabana suke. Jarin farawa bai taka kara ya karya ba: buta, kasko, finjalai, kujeru kaɗan, gawayi da kilo ɗaya na ƙwaya. Yawancinsu 'yan mata ne da suka baro karkara, da zawarawa, da waɗanda suka dawo daga aikatau a ƙasashen Larabawa. Wasu kan yi yarjejeniya da mai gidan abinci ko mai shago ya ba su kusurwa, domin ƙanshin kansa yana jawo masa ciniki. Daga wannan 'yar sana'a ake biyan haya da kuɗin makarantar yara, a kuma aika wani abu gida.

Sana'ar na cikin matsi

Shekarun nan ba su zo wa masu wannan sana'a da sauƙi ba. A watan Fabrairun 2025 farashin arabika a kasuwar New York ya haura dalar Amurka 4 kowace laba a karon farko a tarihi, sakamakon fari a Brazil da Vietnam, manyan masu noma na duniya. Abin da ya zama alheri ga mai fitarwa ya zama nauyi ga mai sari a Merkato. Kafin nan, a ƙarshen Yulin 2024, gwamnati ta saki kuɗin ƙasar, bir, kasuwa ta yanke masa daraja. Dalar da ake canzawa a kan bir 57 ta haura 100 cikin 'yan makonni. Gawayi da sukari da haya duk suka tashi. Mai jabana ba ta da zaɓi mai daɗi: ko ta ƙara kuɗin finjali ta rasa lebura da ɗalibi, ko ta tsinka gahawar ta rasa sunanta.

Ga kuma rusau. A 2024 aikin faɗaɗa tituna da ƙawata birni ya share babban ɓangare na Piyasa da wasu tsofaffin unguwanni. Sababbin hanyoyin sun yi kyau, amma ƙananan shaguna da rumfuna da yawa sun tafi tare da tsofaffin gine-ginen, kuma hayar sababbin wurare ba ta mai kujeru biyar ba ce.

Barazana mafi girma tana gona. Wani bincike da masanan lambun Kew na Ingila suka yi tare da takwarorinsu na Habasha, wanda aka wallafa a 2017, ya nuna cewa kashi 39 zuwa 59 cikin 100 na wuraren da ake noman gahawa a ƙasar na iya daina dacewa da ita kafin ƙarshen wannan ƙarni, saboda ƙaruwar zafi da raguwar ruwan sama. Arabika ba ta son zafi, shi ya sa ake noma ta a tsaunuka masu tsayin mita 1,500 zuwa sama da 2,000. Binciken ya ce za a iya ceto noman idan aka matsa da gonaki zuwa sama aka kuma kare inuwar dazuzzuka. Mutumin Sahel ba ya buƙatar dogon bayani kan abin da ake nufi da gona ta daina ba da abin da ta saba.

Kasala, Dakar, Abijan

Wannan al'ada ta ƙaramin wuri mai gahawa ta gaskiya ba ta tsaya a Habasha ba, kuma Hausawa sun daɗe da cin karo da ita a inda suka yi zango.

A Sudan, inda zuriyar alhazai da masu hijira daga ƙasar Hausa suka zauna a Kasala da Gadarif da Mai Wurno, jabana abin yau da kullum ce, ana dafa ta da citta mai yawa har tana yaji a maƙogwaro. A Khartum, matan da ake kira sittat al-shai, masu shayi da gahawa a gindin itatuwa da bakin Nilu, sun zama alamar birnin. Ɗaya daga cikinsu, Awadiya Mahmud Koko, wadda ta haɗa kansu a ƙungiyar taimakon juna don kare su daga kora da ƙwace kaya, ta samu lambar yabo ta jaruman mata daga gwamnatin Amurka a 2016. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tarwatsa da yawansu, amma a garuruwan da suka yi gudun hijira, murhu da buta na cikin abin da suka fara kafawa don su ci abinci.

A Senegal akwai kafe Tuba, wanda mabiya ɗariƙar Muridiyya ke dangantawa da Shehu Ahmadu Bamba, da ya dawo daga zaman talala a Gabon a 1902. Ana soya ƙwayar ne tare da wani ɗan yaji da Wolof ke kira jar, a niƙa su tare, a tace ta ƙyalle. Wannan jar ba wani abu ba ne illa kimba, wadda ke cikin kayan yajin kowace uwargida a ƙasar Hausa. A da, an yi shekara da shekaru ana sayar da ɗan kofi a kan sefa 50 a titunan Dakar, kuma dubban matasa na ci daga wannan sana'a.

A Abijan kuwa, sunan sana'ar ma na Hausa ne. Teburin da ake shan kafe da madara da burodi da wainar ƙwai da sassafe, "aboki" ake kiran mai shi, saboda 'yan ci-ranin Nijar da suka yi fice a kai, kamar yadda abincin garba ya samo sunansa daga gare su. Abin da ke da ɗaure kai shi ne, Cote d'Ivoire na noman robusta mai yawa, amma abin da ke kan teburin aboki garin gwangwani ne. Hannun da ya iya sana'ar yana nan, masu ciniki suna nan, ƙwayar ma tana nan kusa. Suyar ce kawai babu.

Teburin mai shayi

Nijar ba ta noman gahawa, kuma yanayinta ba zai bari ba. Duk abin da aka sha shigo da shi aka yi, kuma tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, komai na gwangwani ya ƙara tsada. Sai dai ɗanyar ƙwaya ba ta da nisa kamar yadda ake zato. Ana noma ta a yankin Kpalime na Togo, da yammacin Kamaru, da Cote d'Ivoire, da tsaunin Mambila a jihar Taraba ta Najeriya, duk wuraren da direbobi da 'yan kasuwarmu ke zuwa. Tana jure tafiya, kuma busasshen yanayi irin namu bai dame ta ba muddin an rufe ta an kawar da ita daga rana.

Ga matashin da ke tunanin sana'a, ko ɗan ci-ranin da ke son kafa wa ƙaninsa wani abu a gida, darasin Addis Ababa mai sauƙi ne. A soya kaɗan-kaɗan, abin da zai ƙare a yini ɗaya ko biyu. A daka a gaban mai saye. Kimanin giram 60 na gari na isar lita ɗaya ta ruwa. Idan tacewa za a yi, a bar ruwan ya ɗan sauka daga tafasa kafin a zuba. Kada a bar dafaffiyar gahawa tana ta dahuwa a kan wuta, ɗaci kawai take ƙarawa. Citta da kimba da kanumfari da kirfa duk suna shiga, kuma harshen mutanenmu ya riga ya san su.

Ga mai sha kuma, a gida yake ko a Faris ko Aljiyas ko Legas, akwai alamomin gane wurin kirki. Ƙanshi ya tarbe shi tun daga ƙofa. Ya ga ƙwayar da idonsa, a niƙa bayan ya yi oda. Mai wurin ya iya faɗa masa daga ina ta zo da ranar da aka soya ta. Sannan ya kurɓa sau ɗaya kafin ya sa sukari: gahawa mai kyau tana da ɗan zaƙinta da ɗan tsami mai daɗi, ba ɗaci zalla ba.

Batun lafiya ma ya shigo nan. Hukumomin kula da abinci na Turai da Amurka sun ce miligiram 400 na kafeyin a yini, kimanin kofi huɗu matsakaita, ba ya cutar da baligi mai lafiya. Ga mai juna biyu, hukumar Turai ta ce kada a wuce 200. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato ƙananan cokula 12. Kofi ɗaya na kafe da madarar gwangwani mai zaƙi da ƙarin sukari na iya cinye babban kaso na wannan adadi tun kafin hantsi. Ga ɗan kabu-kabu ko mai gadi da ke sha sau uku ko huɗu don ya jure aiki, gahawar da ba ta buƙatar a ɓoye ɗacinta riba ce ga aljihu da jiki.

Babu tabbacin cewa mai ciniki da ya saba da kofi babba mai farin ruwa zai karɓi ɗan finjali baƙi a rana ɗaya, kuma wanda ya fara zai sha tambaya da tsokana. Amma kayan aikin ba baƙi ba ne. Kasko yana nan, na suyar gyaɗa. Turmi yana nan. Gawayi da murhu da turaren wuta suna nan, masu ginin tukwane na Mirya kuma ba za su kasa ƙera buta mai dogon wuya ba. Haƙurin jiran zagaye na uku ma 'yan fada sun riga sun koya. Abin da ya rage shi ne wanda zai fara sauke buhun ɗanyar ƙwaya a tashar Maraɗi.